Yadda ake gano zafi da ma'aunin pH mafi dacewa da aikin enzayim, ta hanyar gwaji da tsiron dawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai dama kunun zaƙi ya ga enzayim, wato sinadarin da halittu suke ƙerawa domin hanzarta sarrafa abubuwa, yana aiki, ko da kuwa bai san sunansa ba. Takan raba ƙullunta gida biyu, ta kwarara tafasasshen ruwa a kan kaso mafi yawa har ya yi kauri ya kama ludayi, sannan ta dakata ya ɗan huce kafin ta juye masa ɗanyen kason da ta niƙa tare da busasshen dankali ko tsiron hatsi. Kafin gari ya waye kaurin nan ya tsinke, zaƙi kuma ya fito. Abin da ya tsinka shi shi ne amiles, wato enzayim ɗin da ke daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari. Dakatawar nan da take yi kafin ta haɗa kason biyu ita ce abin da ɗalibin kimiyya yake ƙoƙarin aunawa da lamba, domin idan ta haɗa da zafi ya yi yawa enzayim ɗin ya mutu, idan kuma ta bari ya yi sanyi ƙalau aikin ya yi nawa. Wannan rubutu zai bi matakan gano wannan tsaka-tsaki, ta fuskar zafi da kuma ta fuskar tsami, da kayan da ƙaramin ɗakin gwaji na makarantar sakandare ko kwaleji zai iya samarwa.

Kafin a taɓa kayan aiki, ya kamata a san dalilin da ya sa waɗannan abubuwa biyu suke da tasiri. Mafi yawan enzayim furotin ne, wato doguwar sarƙa da ta nannaɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman, kuma a jikin siffar akwai wani ɗan gurbi inda abin da za a sarrafa yake shiga ya zauna daram. Raunanan ɗauri ne suke riƙe da wannan siffa. Ɗumi yana sa ƙwayoyin sinadari su riƙa kai-komo da sauri, su yawaita haɗuwa da gurbin, shi ya sa a matsakaicin yanayi ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin aikin. Amma idan zafin ya wuce kima sai ɗaurin ya kwance, siffar ta lalace, kamar yadda farin ƙwai yake daskarewa a cikin kasko ba ya kuma komawa ruwa. Shi kuwa pH, wato gwargwadon tsami ko kaifin ruwa, yana sauya cajin lantarkin da ke jikin sassan gurbin, don haka idan tsami ya yi yawa irin na tsamiya, ko kaifi ya yi yawa irin na kanwa, gurbin ba ya iya kama abin da zai sarrafa. Shi kansa ma'aunin pH, wanda yake tashi daga 0 zuwa 14 kuma 7 ce tsakiyarsa, ƙasa da ita tsami ne sama da ita kuma kaifi, daga nazarin enzayim aka samo shi. Soren Sorensen ne ya fito da shi a shekarar 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Danmak, lokacin da yake neman yadda zai auna tasirin tsami a kan aikin enzayim. Amiles na tsiron hatsi kuma shi ne enzayim na farko da aka ware, wanda Payen da Persoz suka fitar daga tsiron sha'ir a Faransa a 1833.

Ƙa'idar da dukan aikin ya doru a kanta ita ce a sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Idan ana neman pH, to zafi da yawan enzayim da yawan sitaci da tsawon lokaci duk su tsaya wuri guda. Idan aka koma neman zafi, sai pH ya tsaya a inda aka gano ya fi dacewa. Wanda ya sauya biyu a lokaci ɗaya zai sami lambobi, amma ba zai iya faɗin wanne ne ya haifar da su ba.

Aikin yana farawa ne kwana huɗu ko biyar kafin ranar gwaji, domin sai an tsirar da dawar. A sami dawa mai kyau wadda ba ta sha maganin ƙwari ba, a wanke ta, a jiƙa ta kwana ɗaya ana sauya ruwan, sannan a tsane ta a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a cikin inuwa, a rufe da wani, a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma. Bayan kwana uku zuwa huɗu za a ga saiwa da tsiro sun fito, kuma a wannan lokaci ne ƙwayar take ƙera amiles mai yawa domin ta narkar da sitacin da ta adana ta ciyar da sabon tsiro. A auna giram 10 na wannan tsiro, a daka shi a turmin ɗakin gwaji da ruwa mai sanyi mililita 100, a bar shi kamar rabin awa ana motsawa, sannan a tace da kyalle mai tsabta, a sake tacewa da takardar tacewa har ruwan ya washe. Wannan tacewa ta biyu ba ado ba ce, domin ƙwayar dawar tana ɗauke da nata sitacin, kuma idan ya bi ruwan zai riƙa ba da launi a gwajin aidin ya ruɗar da mai aunawa. A ajiye ruwan a cikin kwano mai ƙanƙara, kuma a yi amfani da shi a ranar, domin ƙarfinsa yana raguwa idan ya kwana.

Sai ruwan sitaci mai kashi 1 cikin 100. A dama giram 1 na sitacin ɗakin gwaji da ɗan ruwan sanyi har ya zama kamar koko, a juye shi cikin tafasasshen ruwa ana motsawa, a bar shi ya tafasa minti ɗaya ko biyu, a cike shi zuwa mililita 100 bayan ya huce. Dole ne a dafa shi, domin amiles ba ya cin ɗanyen sitaci sai da ƙyar, wanda kuma shi ne dalilin da ya sa mai kunu take fara zuba tafasasshen ruwa. Ruwan aidin kuwa, wanda aka narkar a cikin fotasiyam ayodaid, a surka shi har ya koma launin shayi maras kauri, a ɗiɗɗiga shi a jere a kan farin tayil ko farin faranti. Idan ɗigon sitaci ya taɓa aidin sai ya koma shuɗi mai duhu kusan baƙi. Yayin da amiles yake daddatsa sitacin, launin yakan sauya zuwa shunayya, sannan ja-ja, daga ƙarshe ɗigon ya daina sauya launin aidin gaba ɗaya. Lokacin da aka ɗauka kafin a kai wannan matsayi shi ne abin da za a auna.

Akwai wani mataki da ɗalibai suke yawan tsallakewa saboda gaggawa, alhali shi ne yake ceton ranar, wato gwajin share fage. A haɗa mililita 5 na sitaci da mililita 1 na ruwan tsiro, a riƙa ɗiban ɗigo ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 ana sawa a kan aidin. Idan launin ya ɓace cikin ƙasa da minti ɗaya, enzayim ɗin ya yi ƙarfi, kuma ba za a iya bambance kwalba da kwalba ba, sai a surka shi ninki biyar ko goma a sake gwadawa. Idan kuma an haura minti goma sha biyar shuɗin bai gushe ba, sai a rage surkin ko a rage yawan sitacin. Abin da ake so shi ne ƙarfin da zai gama aikin tsakanin minti uku da biyar, ta yadda yanayi mai kyau zai nuna sauri a fili, yanayi maras kyau kuma ba zai cinye yinin ba.

Ba a daidaita pH ta hanyar ɗiga asid a cikin ruwa kawai, domin irin wannan ruwa yana sauyawa da zarar an ƙara masa wani abu. Ana amfani ne da ruwan bafa, wato haɗin da yake riƙe pH a wuri ɗaya. Mafi sauƙi ga wannan aiki shi ne haɗin da McIlvaine ya wallafa a 1921, wanda yake ba da kowane mataki daga 2.2 zuwa 8.0 da ruwa iri biyu kacal. Na farko shi ne asid ɗin sitirik, giram 19.2 na busasshensa a lita ɗaya, na biyu kuma daisodiyam haidirojin fosfet, giram 28.4 na busasshensa a lita ɗaya. Domin samun mililita 20 mai pH 4, ana haɗa mililita 7.7 na fosfet da 12.3 na sitirik. Domin pH 5 ana haɗa 10.3 da 9.7, domin 6 ana haɗa 12.6 da 7.4, domin 7 ana haɗa 16.5 da 3.5, domin 8 kuma 19.45 da 0.55, sannan pH 3 yana buƙatar 4.1 da 15.9. Ko da an auna da kyau, a tabbatar da kowane haɗi da na'urar auna pH, ko aƙalla da takardar gwaji mai nuna launi, domin tsohon sinadari da ya sha iskar damina ba ya ba da nauyin da aka rubuta a jikin kwalbarsa.

Yanzu a jera kwalaben gwaji guda shida, a rubuta wa kowace lambarta daga 3 zuwa 8. A zuba wa kowace mililita 5 na sitaci da mililita 2 na bafar da ta dace da ita, da sirinji daban ga kowane ruwa. A tsoma su a cikin ruwa mai digiri 40, a tsoma ruwan enzayim ɗin shi ma a kwalbarsa daban, a ba su minti biyar su ɗauki zafin. Sannan a ɗauki kwalba ɗaya, a zuba mata mililita 1 na enzayim, a girgiza, a danna agogo a daidai wannan lokaci, a ci gaba da ɗiban ɗigo duk daƙiƙa 30 ba tare da an fitar da kwalbar daga ruwan ɗumin ba. Mutum biyu sun fi dacewa da aikin, ɗaya yana ɗiga ɗaya yana riƙe da agogo yana rubutawa. Kuma lallai ne mutum ɗaya ya yanke hukuncin launi tun daga farko har ƙarshe, yana kwatanta kowane ɗigo da wani ɗigon aidin da aka sa wa ruwa zalla a gefen tayil, domin idon mutum biyu ba ya tsayawa a wuri ɗaya tsakanin ja-ja da rawaya.

A tanadi kwalaben shaida guda biyu, wato na kwatance, masu sitaci da bafa kamar sauran. A ɗaya a zuba ruwan tsiron da aka tafasa minti goma, a ɗayar kuma a zuba ruwa zalla a madadin enzayim. Dukansu ya kamata su ci gaba da ba da shuɗi har ƙarshen gwajin, kuma idan ba su yi haka ba to wani abu ne daban yake cin sitacin ko yake kashe launin, kuma sakamakon sauran kwalaben ba abin dogaro ba ne. Kowane mataki a maimaita shi sau uku a ɗauki matsakaici. Da yake gajeren lokaci yana nufin saurin aiki, ba lokacin ake zanawa ba, ana raba 1000 ne da adadin daƙiƙun. A ɗauka misali wata kwalba ta gama a daƙiƙa 125, saurinta ya zama 8, wadda ta gama a daƙiƙa 500 kuma saurinta 2. Idan aka zana pH a kwance, sauri a tsaye, za a ga layin ya hau ya yi tudu ya sauko ta ɗaya gefen. Amiles na tsiron hatsi yakan yi tudunsa a ɓangaren tsami kaɗan, wajen 5 zuwa 6. To amma tazarar mataki ɗaya-ɗaya ba ta isa a faɗi lamba ba, tana nuna unguwa ce kawai ba gida ba, don haka sai a koma zagaye na biyu a cikin wannan yanki da tazarar 0.2 ko 0.5.

A wannan zagaye na biyu akwai abin lura da ba kasafai littattafan makaranta suke ambata ba. Alfa-amiles, wato nau'in amiles da ya fi yawa a tsiron dawa, yana buƙatar kalsiyam domin ya riƙe siffarsa, shi kuwa sitiret, wanda asid ɗin sitirik yake samarwa a cikin bafar, yana kama kalsiyam ya ɓoye shi. Saboda haka wani ɓangare na raunin da aka gani a kwalaben da suka fi yawan sitirik zai iya kasancewa daga bafar ne ba daga tsamin ba. Maganin wannan shi ne a maimaita yankin da bafar asitet, wadda take aiki daga 3.6 zuwa 5.6, a kwatanta sakamakon biyu a pH ɗaya. Haka kuma wanda ya so ya leƙa sama da 9 ya sani cewa kaifin ruwan da kansa yana kashe launin aidin, sai ɗigon ya fito fari alhali sitacin yana nan, a ɗauka enzayim ya yi aiki. Ɗan ɗigon asid mai rauni a cikin ruwan aidin yana gyara wannan, kuma kwalbar shaida ce take tona matsalar.

Bayan an tsayar da pH sai a juya ga zafi, kuma a nan ne yanayinmu yake shigowa. Idan littafin da aka rubuta a Ingila ya ce a yi gwaji a zafin ɗaki, yana nufin digiri 20 zuwa 25 ne, alhali ɗakin gwaji a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana iya kusantar 40, da safiyar hunturu kuma ya sauko ƙasa da 20. Don haka kada a taɓa rubuta zafin ɗaki a rahoto, a saka ma'aunin zafi a rubuta lamba. Matakan da za a gwada su fara daga digiri 10, a riƙa ƙara goma-goma har zuwa 80. Inda babu na'urar ɗumama ruwa mai lantarki, ko inda wutar ba ta tsayawa, babbar kula ko bokiti mai murfi tare da filas na ruwan zafi da ƙanƙara sun wadatar. Ruwa mai yawa ya fi jinkirin hucewa, don haka a cika mazubin sosai, a riƙa motsawa, a riƙa tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan domin kada ya kauce da fiye da digiri ɗaya. Ma'aunin zafin kuwa a cikin wata kwalbar gwaji mai ruwa daidai yawan na sauran za a saka shi, domin zafin da ke cikin kwalba ake nema ba na bokiti ba.

Na taɓa ganin rukunin ɗalibai sun ɗauko sitaci da enzayim daga kan tebur, suka haɗa, sannan suka tsoma kwalbar a ruwa mai digiri 80, suka yi ta murna cewa enzayim ɗinsu yana jure tafasa. Abin da ya faru shi ne, a cikin minti biyu da kwalbar ta ɗauka tana ɗumama ta ratsa ta digiri 40 da 50 da 60, enzayim ɗin ya gama aikinsa a kan hanya kafin zafin ya kashe shi. Shi ya sa dole ne sitaci da bafa su kai zafin da ake so kafin a zuba enzayim. Wani abin kuma shi ne launin sitaci da aidin yana dusashewa idan ruwan yana da zafi, ya dawo idan ya huce, saboda haka kullum ɗigo ake kaiwa kan aidin mai sanyi a tayil, ba a zuba aidin a cikin kwalba mai zafi.

Zanen zafi ba ya kama da na pH. Yakan hau a hankali, sannan ya faɗi da sauri kamar gangaren dutse, domin abubuwa biyu ne suke ja-in-ja, saurin da ɗumi yake ƙarawa da lalacewar da zafi yake jawowa. A nan ne nake ganin ya kamata malami ya fi tsayawa da ɗalibansa, domin lambar da ake kira zafi mafi dacewa ba tambari ba ce da aka buga wa enzayim tun asali. Ta dogara ne ga tsawon lokacin gwajin. Enzayim ɗin da ya fi kowa sauri a digiri 70 cikin minti uku zai iya mutuwa kafin minti ashirin, ta yadda idan gwajin na awa ɗaya ne, kwalbar digiri 55 ko 60 ce za ta fi narkar da sitaci. Domin raba waɗannan abubuwa biyu ana yin gwajin juriya daban. A ɗora ruwan enzayim shi kaɗai, ba sitaci, a kowane mataki na zafi na minti 30, a tsoma shi a ƙanƙara, sannan a auna sauran ƙarfinsa duka a digiri 40. Wanda aka ajiye a sanyi zai farfaɗo sarai, domin sanyi yana sa enzayim barci ne kawai, wanda ya sha digiri 80 kuwa ba zai dawo ba. Irin wannan gwaji ana yi wa pH ma, a jiƙa enzayim a bafa iri-iri sannan a mayar da shi pH mafi dacewa a auna. Ga mai sarrafa abinci ko kamfanin da ke yin lemon malta da dawa, sakamakon juriya ya fi na sauri amfani, tunda aikinsu na sa'o'i ne.

Wanda yake jami'a kuma yana da na'urar auna hasken launi zai iya barin hukuncin ido ya koma hanyar DNS, wadda Miller ya daidaita a 1959. A nan ba ɓacewar sitaci ake aunawa ba, sukarin da ya fito ake aunawa. Ana barin enzayim ya yi aiki na ƙayyadadden lokaci, misali minti biyar, a zuba sinadarin DNS ya tsayar da aikin, a tafasa minti biyar launin ya koma ja mai duhu gwargwadon yawan sukarin, a karanta a na'urar da haske mai tsawon zango nanomita 540, a kwatanta da zanen da aka yi da sanannen adadin maltos, wato sukarin da amiles yake fitarwa daga sitaci. Da yake ruwan tsiro yana zuwa da nasa sukarin, dole ne a yi kwalbar shaida da aka zuba wa DNS kafin enzayim, a cire lambarta daga sauran. Kuma kada a yi mamaki idan hanyoyin biyu ba su ba da tudu ɗaya ba. Aidin ya fi nuna aikin alfa-amiles mai datsa sarƙar daga tsakiya, DNS kuwa yana ƙirga har da na beta-amiles mai gutsuro maltos daga baki. Tsiron dawa alfa ne ya fi yawa a cikinsa, shi ya sa ya dace da gwajin aidin, dankali kuwa beta ne ya fi yawa, kuma yana barin ragowar sitaci da ke ci gaba da ba da launi komai daɗewar jira.

Wannan tsari yana aiki ga kowane enzayim, abin da ake sauyawa shi ne abin sarrafawa da hanyar aunawa da kuma faɗin matakan. Fefsin na cikin tumbi yana aiki wajen pH 2, tirifsin na ƙaramin hanji wajen 8, amiles na miyau kusa da 7 kuma yana buƙatar ɗan gishiri, enzayim ɗin Taq da aka samo daga ƙwayar halittar maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka kuma yana aikinsa sama da digiri 70. Wanda zai yi amfani da bafar Tris a gwajin zafi ya tuna cewa pH ɗinta yana sauka da kusan 0.03 a kowane digiri ɗaya da aka ƙara, don haka a daidaita ta a zafin da za a yi aikin. A wajen rubuta rahoto kuma, kowace lamba ta zo da rakiyarta: irin dawar da kwanakin tsirarta, yawan surkin enzayim, sunan bafar, kaurin sitaci, tsawon lokacin gwaji, hanyar aunawa, da sakamakon kowane maimaici uku kafin a ɗauki matsakaici. Idan an sami zafi mafi dacewa ya yi nisa da digiri 40 da aka fara da shi, a koma a sake gwajin pH a sabon zafin, domin tudun yakan ɗan matsa.